Saura Kilomita Bakwai

Pleasant Garden, Greensboro
6 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga taubashiyata Sakinatou, ɗiyar Goggo Habsou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da ɗanki Hamissou da iyalinsa da duk mutanen Dargaza. Yaya ƙafa? Yaya aka ƙare da damina?

Ni da sauƙi, alhamdu lillahi. Sau uku a mako ake kai ni wankin ƙoda, in dawo kamar tsumman da aka matse. Kunne ne ya ƙi sam, shi ya sa ba na ɗaukar waya. Ibtissam ta ce in riƙa rubutawa da hannu, ita ta ɗauki hoton takardar ta aika wa Hamissou. Ki yi haƙuri da rubutun. Hannun da ya ci kyauta a lakwal, makarantar bokon Damagaram, yanzu rawa yake yi.

Nan gidan ɗiyata ba abin da na rasa sai mutane. Tsakanin gida da gida ya kai gona guda, kuma ba mai tafiya da ƙafa balle ya yi maka sallama. Da safe kowa ya shiga mota ya tafi, a bar ni da taga da bareyin da ke shigowa cin furannin Ibtissam.

Saƙon Hamissou ya iso. Ya ce ƙungiyar 'yan Dargaza za ta gina allon tunawa a kufan tsohon garinmu, jikin turken simintin da na kafa a 1969, a rubuta sunayen waɗanda suka fara gina rijiya, a kuma kewaye maƙabarta da waya. Allah Ya saka musu.

Su ma mutanen nan suna da irin waɗannan alluna, na ƙarfe, farare da baƙin rubutu, a bakin titi. Akwai maƙwabcinmu Sylvanus, mutumin Filato ne a Najeriya, Kirista, ya bar aiki, shi ke kai ni asibiti ran Alhamis. Ba ya wuce allo bai tsaya ba. Rannan ya karanta wani ya kwashe da dariya, ya rubuta mini a bayan takardar magani saboda kunnena: "Baba, ka ga wayon mutanen nan? Allon yana nan, amma ya ce injin niƙan da yake magana a kai ba nan ya tsaya ba, mil biyu ne gabas." Ya yi ta dariya. Ni ban yi ba.

Sakinatou, ki ce wa Hamissou kada su yi gaggawar zuba siminti. Akwai abin da ya kamata a ce an sa a allon nan, wanda ni kaɗai na sani. Zan rubuto.

Naki,
Chaïbou Issoufou

*

Dargaza
20 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga bawana da ya gudu Amirka,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafa tana nan tana mulkinta, gero ya yi daidai gwargwado, wake ne tsutsa ta raba mu da shi. Allah Ya ƙara maka sauƙi. Kunnenka kuwa ba sabon abu ba ne, tun kana saurayi ba ka jin magana.

Na karanta takardarka sau biyu, na gane inda ka dosa. Allunan Amirka, kada a yi gaggawa, akwai abin da ya kamata a sa. Tsoho, duk wannan kewaye-kewayen na mene ne? Sunanka kake so a rubuta, kunya ta hana ka faɗa! Da na gaya wa Hamissou sai da ya riƙe ciki. To, ka kwantar da hankalinka. An ƙara layi a ƙasan sunayen kakanni: "Malam Chaïbou Issoufou ne ya kafa alamar wannan wuri, 1969."

Wasa a gefe, ka cancanta. Ni shekarata biyu lokacin da rijiya ta rufta aka taso zuwa bakin hanya, ban san kufan ba, ban san fuskar Inna ba. Farin saba'in da uku ya kashe itatuwan da ake gane wurin da su, tsofaffi suka bi su. Ba don turkenka ba, da yau ba wanda zai ce ga inda muka fito. Kuma kai ka ɗauke ni a mota a 1988 ka kai ni. Tun daga ranar ban taɓa fashin zuwa can a watan Sha'aban ba. In je in tsaya daga gefe, in zuba ruwa a ƙasa, in yi mata addu'a, in ba ta labarin jikokinta.

Ga maganar da ban gaya maka ba. Na tara Hamissou da ƙannensa da liman, na bar wasiyya. In ta Allah ta kasance, kada a kai ni maƙabartar gari. A sa ni a mota a kai ni kufai, a kwantar da ni cikin wayar nan, kusa da uwata. Ban kwanta kusa da ita a duniya ba yadda zan tuna, to a bar ni in rama. Sun yi gardama, na fi su taurin kai. Shi ya sa ma nake matsa musu su gama aikin, don likita ya ce zuciyata tana tsallake bugu kamar makaɗin da ya sha fura ya ƙoshi.

Ka gaishe da Ibtissam, ka gaishe da Sylvanus mai karatun alluna.

Uwargijiyarka,
Sakinatou

*

Dargaza
15 ga Disamba, 2024

Chaïbou,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai shirun da ka yi mana. Wata biyu kenan. Da farko na ce rezon waya ne ya yanke, sai na ce fushi ka yi don na tona ka. Jiya Ibtissam ta gaya wa Hamissou ka faɗi a banɗaki, ƙugu ya tsage, kana asibiti. Sannu, sannu. Me ya sa ba a faɗa mana da wuri ba?

Ga abin da zai faranta maka rai. An gama. Ran Juma'ar da ta wuce aka buɗe allon, magajin gari ya zo, an yanka raguna biyu, an karanta sunanka mutane suka ce Allah Ya yi maka albarka. An ja waya taki arba'in kowace kusurwa. Na nuna wa Hamissou inda nake so, gefen kudu. Ga hoto nan, ka sa tabarau ka ga kanka a siminti.

Ka warke ka rubuto, ko layi biyu ne.

Sakinatou

*

Pleasant Garden
12 ga Janairu, 2025

Sakinatou,

Assalamu alaikum. Na dawo gida, ina tafiya da ɗan keken da ake dafawa a tura. Na gode da gaisuwa.

Kada ki ba ni uzurin asibiti. Takardarki ta farko ta zo 20 ga Oktoba, ni kuwa sai 25 ga Nuwamba na faɗi. Mako biyar ina da lafiyar riƙe alƙalami. Sau uku na rubuta wannan takarda ina yagewa. Ki karanta ta a zaune.

Turken nan ba a kufai yake ba. Goggo ba ta wurin. Babu kowa a cikin wayar da kuka ja, rairayi ne kawai.

Ga yadda aka yi. A 1969 ina ƙaramin ma'aikaci cikin masu awon ƙasa, muna kafa turaku a tsofaffin rijiyoyi don zanen taswira. Da muka iso Dargaza cikin watan Mayu, zazzaɓi ya kwantar da shef, shugaban ayarinmu. Ya ce tunda ni ɗan garin ne, in je ni kaɗai. Aka ɗaura mini turke mai lamba 41 a raƙumi, aka ba ni kamfas da littafi da salkar ruwa. Daga sabon gari zuwa kufai kilomita ashirin da uku ne, na sani sarai, shekarata takwas muka taso.

Kafin azahar na taɓa salka na ji ta a bushe. Ɗinkin gindinta ya buɗe, ruwan ya bi cikin raƙumi ya tafi ban sani ba. Na hau wani tudu mai aduwa ɗaya. Daga nan ina hangen kan babban gawon kufai, can nesa, yana rawa cikin zafi. Saura kilomita bakwai. Na yi lissafi, bakwai zuwa, bakwai dawowa, sannan sha shida zuwa gida, ba ɗigon ruwa. Tsoro ya kama ni. Na durƙusar da raƙumi, na tona rami, na kafa turken a nan. A littafi na rubuta ashirin da uku.

Da a ce na dawo na faɗi gaskiya, da ba komai. Salka ce ta tsage, wa zai kama ni? Amma shef ya yaba mini da sauri a gaban kowa, ni kuma na ji daɗi. Na ce gobe in samu ruwa in koma in gyara. Gobe muka wuce arewa.

Baba ya gano daga baya, wani makiyayi ya gaya masa. Bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Turken gwamnati ne, su kafa inda suka ga dama. Mu mun san inda namu suke kwance." Duk tsofaffi haka suka ɗauke shi. Ba wanda ya zaci gawo zai mutu, su ma su mutu, siminti ya rage shi kaɗai yana magana.

Na 1988 shi ya fi ci mini rai. Wallahi da niyyar wuce turken na ɗauke ki. Amma tun daga nesa kika hango shi, kika ce in tsaya, kika sauka mota ba ta gama tsayawa ba, kika dafa shi kika ce, "Inna, ga ni." Na duba arewa, babu gawo, babu komai, tuddai sun sauya zama. Na ji tsoron in ce ba nan ba ne, ki ce to ina ne, in kasa. Na tsaya bayanki na ɗaga hannu na shafa fatiha tare da ke.

Shekara talatin da shida kina zuba ruwa a inda na gaji. Na iya ɗaukar wannan, Allah Ya gafarta mini, na ɗauka har na saba. Amma ba zan iya bari a kwantar da ke ke kaɗai a dajin da ba kowa ba, ki tafi kina zaton kina gefen uwarki.

Ki ce wa Hamissou ya sa guduma ya fasa sunana. Ban ce ki yafe ba.

Chaïbou

*

Dargaza
26 ga Janairu, 2025

Malam Chaïbou Issoufou,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Takardarka ta zo. Hamissou ne ya fara karantawa a wayarsa, ya kwana biyu yana ɓoye mini, sai da na ga ya daina haɗa ido da ni na ƙwace. Ya ce a rufe maganar, an riga an tara jama'a, an kira magajin gari, in ta fita ƙungiya ta zama abin dariya a kasuwa. Na ce masa ba ƙungiya za a binne ba.

Abin da ke bakina, in na rubuta shi, ba ya goguwa.

Sha'aban saura kwana biyar. Tambaya ɗaya ce. Ina uwata take?

Sakinatou Abdou

*

Pleasant Garden
2 ga Fabrairu, 2025

Sakinatou,

Assalamu alaikum. Allah Ya sa kina lafiya. Ni ina nan. Tunda muke ba ki taɓa kirana Malam ba. Na karɓa.

Ibtissam ba ta saba karanta takarduna ba, hoto kawai take ɗauka. Waccan ta karanta. Ta zauna a bakin gado, ta rubuta mini, "Baba, Anti tana da gaskiya duk abin da ta ce." Yau Lahadi bayan azahar ta kawo kwamfutarta, ta buɗe hoton ƙasa irin wanda tauraron ɗan'adam ke ɗauka daga sama. Muka sami Dargaza, muka bi arewa. Na auna da 'yar rula a jikin gilashin kamar yadda aka koya mana, sha shida, sannan bakwai.

Da farko ban ga komai ba sai ja da fari. Har na cire tabarau. Sai ta ƙara girman hoton, na ga wasu siraran layuka kamar zaren da aka ja a kan rairayi. Sawun dabbobi ne, burtalin da ke gangarowa daga arewa zuwa kasuwarku. Ya miƙe sak kamar an ja shi da igiya. Amma a wuri ɗaya ya karkace yamma, ya yi baka, ya dawo kan layinsa. Babu dutse a wurin, babu rami, babu tudu, babu abin da zai sa raƙumi ya kauce.

Sakinatou, na san wannan karkatar. Na sha bulala a kanta. Ina ɗan shekara bakwai na bar awakinmu suka ratsa ta maƙabarta, Baba ya zane ni, ya ce ba a kora dabba ta kan masu barci. Duk makiyayin da ya zo shayarwa, Buzu ko Bafillace, sai ya kewaya ta yamma. Garin ya tashi, rijiya ta rufe, amma ga alama ƙafa ba ta manta ba.

Ku bi burtali daga turke ku yi arewa. Inda ya karkace, maƙabarta tana hannun dama, cikin bakan. Goggo ce ta ƙarshe da aka binne kafin a taso, don haka tana gefen kudu. Ga alama kuma. Ran da za mu tashi, dutsen niƙanta ya yi wa jaki nauyi. Ina kallo Baba da mahaifinki suka ɗauke shi su biyu suka ajiye a wajen kanta. Ƙasarmu ba ta da dutse, kin sani. In kun sami dutse, ita ce.

Ban tabbata rairayi bai haɗiye shi ba. Wannan karon abin da na sani kaɗai na rubuta.

Chaïbou

*

Dargaza
23 ga Fabrairu, 2025

Chaïbou,

Gaisuwa. Muna lafiya, ƙafa ta kumbura amma ita ta jawo wa kanta.

Sau biyu muka je. Na farko Hamissou yana tuƙi yana ƙunƙuni, wai tsohon da ya yi ƙarya da kamfas a hannu, yanzu za mu yarda da shi daga Amirka da rula. Muka sami karkatar, yadda ka faɗa. Muka tarar da wani tsohon Buzu da raƙumansa, na ce, "Baba, me ya sa ba ku miƙewa ta nan, ga hanya sarai?" Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ake sallah. Ya ce, "Haka muka tarar. Ubana ya ce akwai mutane a nan." Daga nan Hamissou ya bar ƙunƙuni.

Na biyu muka koma da liman da maza shida. Suka bi gefen kudu a hankali, ba takalmi, suna soka sandar ƙarfe a rairayi. Sun sami fasassun tukwane da yawa. Wajen la'asar sandar ta yi ƙara. Kamu biyu ne a ƙasa. Suka share da hannu.

Dutsen niƙa ne, Chaïbou. Tsakiyarsa ta lotsa, ta yi santsi. Na zauna a ƙasa na sa tafin hannuna a cikin kwarmin. Ban taɓa riƙe wani abu nata ba, ko ɗankwali. Ban yi kuka irin na 1988 ba, wancan ka riga ka cinye mini shi. Na dai zauna har liman ya ce rana za ta faɗi.

A hanya na tambaye shi addu'o'ina na shekara talatin da shida. Ya ce addu'a ba ta bin turke, ta san hanya. Na ce to ruwan fa? Ya ce aduwar da ke wurin ta gode. Ka ji malamin zamani.

An naɗe wayar an kai ta inda ya dace. Na sake nuna wa Hamissou wurina, taki biyu daga dutsen. Wannan karon na sa ya maimaita a gaban liman.

Batun yafiya, na yafe na 1969, ƙishirwa ba ta da kunya. Na 1988 ina nan ina dubawa. Ka yi ƙoƙari kada ka mutu kafin in gama.

Saura allo. Hamissou ya ɗauko guduma, na ce ya ajiye. Ba kai ka ba ni labarin allunan Amirka ba, masu cewa abin ba nan yake ba? Mu ma mun iya. Sunanka yana nan daram, ba a taɓa ko harafi ba. Magini ya ƙara sabon siminti a ƙasa, ni na faɗa masa abin da zai rubuta. An yi gardama a ƙungiya, na ce duk wanda uwarsa ke kwance a can ya ɗaga hannu. Ga hoto nan. In idonka bai gani ba, ga abin da ya ce:

"Nan ya gaji. Kufan yana arewa, saura kilomita bakwai, inda burtali ya karkace."

Tun ran kasuwa mutane ke zuwa kallo. Har an fara ce wa tudun Gajiyar Chaïbou, kuma ka san Dargaza, in suna ya kama ba ya saki.

Azumi ya ƙarato. Kada ka ce za ka yi, likita ya hana ka, Allah ma Ya sani.

Uwargijiyarka har gobe,
Sakinatou

*

Pleasant Garden
27 ga Fabrairu, 2025

Uwargijiyata,

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi, yau na taka daga ɗaki zuwa mota ba keke.

Na nuna wa Sylvanus hoton a hanyar asibiti. Ya ja mota gefe ya tsaya, kamar yadda yake yi wa kowane allo. Ya karanta sau biyu, ya dube ni, na ba shi labarin duka. Wannan karon ni na yi dariya, har da hawaye, shi bai yi ba.

Ku bar shi yadda yake, kada a sauya ko ɗigo. Na 1988 kuma ki duba a hankali, ba na gaggawa, zan jira iyakar abin da aka ba ni.

In kin koma, ki sa hannu a dutsen ki ce mata Chaïbou na Issoufou ne, wanda ya bar awaki suka ratsa. Za ta gane ni. Ki ce mata na taso tun 1969, a hanya na tsaya, ɗiyarta ce ta ƙarasa mini.

Bawanki,
Chaïbou